Kada ka tafasa dutsen nan, ɗan'uwa

Salamu alaikum. Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai na samu zama, don amsarta ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka saka dutse mai rai, wato dutsen teku da ƙananan halittu ke zaune a jikinsa, a tankin ruwan gishirin da kake kiwon halittun teku a ciki, bayan wata huɗu wasu 'yan furanni masu ruwan ƙasa kamar maɓallan riga suka mamaye shi, har sun fara hawa kan murjaninka. Kana so ka ciro dutsen ka tafasa, ko ka kankare shi da buroshin ƙarfe. Ka kuma tambaya ko da gaske ne suna da guba, in kuwa haka ne, to mene ne amfanin irin wannan halitta a teku.

Ka ajiye tukunyar, ka ajiye buroshin. Kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka watsa masa ruwan famfo mai ƙarfi, kada kuma ka ciro shi ka bar shi yana bushewa a ɗaki. Ni na yi irin abin da kake shirin yi, kuma na ji a jikina.

Shekara 11 ke nan ina wannan kiwo, abin ya same ni a shekarata ta uku. Dutsen bai fi girman tubali ba. Na kai shi banɗaki, na ja ƙofa don kada ƙarnin teku ya dami mutanen gida, na buɗe famfon ruwan zafi, na duƙa ina gurza. Furannin suka tsuke bakinsu, wani yauƙi mai kauri ya riƙa fita yana manne wa buroshin, tururi ya cika wurin har madubi ya dushe. Duka-duka minti 20 na yi. Tun ban gama ba na fara jin ɗaci a maƙogwaro kamar na tsotsi ƙusa mai tsatsa, hancina yana zuba, ina ta atishawa. Na ce warin dutsen ne kawai. Bayan kamar awa biyar sai rawar sanyi ta kama ni, haƙora suna haɗuwa, zazzaɓi ya rufe ni, ƙirjina kamar an ɗaure da igiya, cinyoyi da gadon baya kuwa kamar an yi mini dukan tsiya. Maiɗakina, wadda ta shiga bayana ta ɗauraye banɗakin, ita ma ta kama tari. A asibiti likita ya fara ɗauka ciwon huhu ne, kuma ban ga laifinsa ba, don alamun duk iri ɗaya ne. Sai da na ba shi labarin aikin da na yi da rana, na rubuta masa sunan gubar a takarda, sannan aka gane inda aka dosa. Aka sa mini iskar oksijin, aka yi ƙarin ruwa, ana ta ɗibar jini ana duba tsoka da ƙoda. Kwana biyu na yi a kwance, kuma har mako uku bayan nan hawa bene yana sa ni haki.

Abin da ke kan dutsenka ba fure ba ne, dabba ce. Sunan danginsu zowantid, 'yan'uwan murjani ne da animoni, wato abin da wasu ke kira furen teku. Kowane maɓalli baki ne guda da geza kewaye da shi, kuma duk a haɗe suke ta ƙasa kamar tabarma. Waɗanda aka fi gani a tankuna iri biyu ne, Zoanthus da Palythoa. Na farkon su ne masu launi mai ɗaukar ido, kore da ruwan lemo da shuɗi. Na biyun galibi ruwan ƙasa ne ko kore mai duhu, bakinsu ya fi faɗi, jikinsu da kaushi saboda suna cusa ƙwayoyin yashi cikin namansu don ya yi ƙarfi. Yadda ka kwatanta naka, na fi zaton Palythoa ne, kuma su ne aka fi samu da guba mai yawa. A 2011 masu bincike a Amurka sun sayo zowantid daga shagunan kifi suka gwada, mafi guba a ciki suka zama dangin Palythoa heliodiscus, waɗannan marasa kyan gani da ke zuwa a maƙale kan dutse ba tare da kowa ya saye su ba. Ba duka ne ke ɗauke da gubar ba, amma ido ba ya rarrabewa, shi ya sa nake ɗaukar kowanne tamkar mai ita.

Akwai bambancin da in ka riƙe shi ka rage wa kanka wahala. Animoni dafi gare shi, kamar kunama, sai ya harbe ka. Palythoa kuwa guba gare shi, tana cikin namansa da yauƙinsa, ba ya bin ka da ita, kai ne za ka kai kanka. Ta kan shiga ta ƙaramin yanka a yatsa, ta ido in ruwan jikinsa ya fantsamo, ta baki, ko ta huhu in ta tashi cikin tururi ko ƙura. Sunanta falitoksin, tana cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a cikin waɗanda ba furotin ba. Wannan maganar ta “ba furotin ba” ita ce ta kwantar da ni a asibiti. Dafin animoni furotin ne, shi ya sa in ya harbe ka ake ɗauraye wurin da ruwan gishiri, a cire ragowar gezar, a tsoma hannun cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, raɗaɗin ya lafa. Ita falitoksin tafasa ba ta karya ta. Ruwan zafi ɗaukar ta kawai yake yi ya kai maka har cikin huhu, ya raba wa duk wanda ke gidan, har da kyanwa da kare.

Yadda take aiki abin tsoro ne. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da wani ɗan famfo a bangonta, mai fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, dare da rana. Ƙofa biyu gare shi, ta ciki da ta waje, kuma ba a buɗe su lokaci ɗaya. Falitoksin tana manne wa famfon ta bar ƙofofin a buɗe, sai ya koma rariya, gishirin ciki ya fita, na waje ya kwararo. Ƙwayar ta kumbura ta mutu. Da yake famfon yana ko'ina, ɓarnar ma ko'ina take. Tsoka tana narkewa ta zuba cikin jini, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta sha wuya, bugun zuciya ya rikice. A ido tana iya cinye fatar gaban ƙwayar ido har mutum ya rasa gani. Babu makarinta. Abin da asibiti ke yi shi ne tallafa wa numfashi da ƙoda da zuciya har jiki ya fitar da ita.

Mutanen Hawai sun san da ita tun kafin masu ilimin sinadarai. A kusa da Hana, a tsibirin Maui, akwai wani ɗan kududdufi a cikin duwatsun gaɓa da ake tsoro. Tatsuniyarsu ta ce wani mutum ne mai bakin kifin shak a gadon bayansa yake cinye masunta, da asirinsa ya tonu aka kashe shi aka ƙona, aka zuba tokar a kududdufin, daga nan gansakukar wurin ta zama guba. Suna ce mata limu-make-o-Hana, ciyawar teku mai kisa ta Hana, mayaƙa kuma suna shafa ta a tsinin mashi. Masu bincike daga Jami'ar Hawai sun yi ta nema har aka nuna musu wurin, suka ɗebo a ranar ƙarshe ta 1961 duk da an gargaɗe su cewa wurin haramtacce ne. A ranar kuwa gobara ta cinye babban ginin ɗakin bincikensu. Kowa da yadda zai fassara wannan, ni dai labari na kawo. Da aka duba, ashe ba ciyawa ba ce, Palythoa ce. Masu ilimin sinadarai Richard Moore da Paul Scheuer suka tace gubar suka wallafa a 1971. Sai 1981 aka gano tsarinta, don ƙatuwar ƙwaya ce mai ƙwayoyin zarra na kabon 129, kuma sai 1994 tawagar Yoshito Kishi a Jami'ar Harvard ta iya harhaɗa ta a ɗakin gwaji.

Ba ni kaɗai na taɓa faɗa wa wannan ramin ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a 2015 kan mutum aƙalla 10 a Anchorage ta jihar Alaska da suka kamu tsakanin 2012 da 2014, wasu ma'aikatan shagon kifi, wasu mutanen gida ne kawai da suka kwana inda aka zuba murjanin a sabon tanki.

To me za ka yi da dutsen? In ba su kai ga murjanin da kake ji da shi ba, matsar da murjanin ka bar su, ya fi sauƙi. In dole sai an raba su, ka sa doguwar safar hannu mai kauri, da tabarau mai rufe ido ruf, ba na karatu ba, da takunkumi, ka buɗe tagogi, yara su yi nesa. Ka ɗaga dutsen kai tsaye zuwa bokiti mai murfi, ka fita da shi waje. Abin da ke kashe gubar shi ne bilic na wanki mai kulorin: kashi 1 cikin ruwa kashi 10, sabon haɗi, ruwan sanyi, dutsen ya nutse gaba ɗaya aƙalla minti 30. Ni nakan bar shi ya kwana. Kada ka haɗa bilic da wani sinadari mai tsami. Dutsen da ya sha bilic ya mutu, sai an ɗauraye an cire kulorin sarai kafin ya koma tanki. Ka sa sabon gawayin tace ruwa a tankin, yana kama gubar da ta zuba. Ka wanke hantsaki da bokiti da bilic, ka jefar da safar. In kuwa bayan aikin ka ji ɗacin ƙarfe a baki, ko tari da zazzaɓi, ko ido ya yi ja yana zafi, kada ka ce bari mu ga safiya. Idon ka yi ta ɗauraye shi da ruwa mai yawa, ka tafi asibiti da sunan gubar a rubuce.

Yanzu ɓangare na biyu na tambayarka, wanda ni ya fi yi mini daɗi. Bayan na warke, wata shida ko kallon zowantid ba na son yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da ya sauya mini tunani shi ne zama gaban tanki da daddare da 'yar fitila. Ka duba halittar da ba ta da ƙafa, ba ƙashi, ba kwanso, nama ne zalla a manne da dutse, a wurin da kowa ke yawo da yunwa. A tsaunin murjani abin da ya fi tsada shi ne fili, ɗan tafin dutsen da rana ke haskawa, kuma a kansa ake yaƙi ba dare ba rana. Gubar ita ce katangar Palythoa, ita ce kuma takardar filinsa.

Suna kuma biyan kuɗin zama. A cikin namansu akwai ƙananan gansakuka masu ƙwaya ɗaya, irin waɗanda ke cikin murjani, suna haɗa abinci da hasken rana su ba mai masauki, shi kuma ya ba su mafaka da taki. Suna kama ƙananan halittun da ke yawo a ruwa da gezarsu. A gaɓar da igiyar ruwa ke duka, inda in ruwa ya janye rana ke gasa dutse, tabarmar zowantid tana rufe wurin da murjani mai ƙashi ba zai iya zama ba, tana riƙe yashi, tsutsotsi da ƙananan jatan lande suna ɓuya a tsakaninta. A gaɓar Barazil akwai Palythoa caribaeorum, masunta suna ce mata yawun sa saboda yauƙin da take fitarwa don kada ta bushe. Kuma duk gubar nan akwai masu ci. Kunkurun teku mai baki kamar na shaho yana cin su, wata tsutsar teku mai gashin wuta tana kiwo a kansu, haka wasu kifaye. Wasu cikin masu cin nan suna tara gubar a jikinsu, ta haka take hawa har ta iso ga mutum: a Okinawa ta Japan an san wani kifi mai cin Palythoa da hanjinsa ke da guba, a Filifin kuma mutane sun mutu bayan cin wasu ƙaguwoyi masu ɗauke da ita. Akwai ma wata ƙwayar gansakuka, Ostreopsis, mai yin guba 'yar'uwar wannan. A 2005 ta yi ambaliya a gaɓar Jenowa ta Italiya, iska ta kwaso feshin teku, mutum wajen 200 suka nemi magani ba tare da sun taɓa komai ba. Can cikin zurfi kuwa akwai zowantid da ake kira murjanin zinariya a tekun Hawai, wanda aka auna shekarun wani aka samu sama da 2,700, yana tsaye kamar bishiya, kifaye suna fakewa a rassansa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Inda ruwa ya gurɓace ko murjani ya raunana, irin waɗannan masu laushin jiki sukan mamaye komai, kamar dai yadda suke yi a tankinka. A tsibirin Palmyra da ke tekun Fasifik wani jirgin kamun kifi ya kife a 1991, sai wani ɗan'uwansu mai suna Rhodactis howesii ya bazu daga gindin jirgin yana kashe murjani, ana danganta hakan da ƙarfen da ke narkewa cikin ruwa, har aka kwashe tarkacen a 2013. Shi ya sa nake cewa ka auna ruwanka. In sun yi wannan gudun cikin wata huɗu, akwai yiwuwar abinci ya yi yawa a tankin.

Shi animoni harkarsa daban ce. Akwai iri sama da 1,000, kowanne baki ɗaya ne babba da hannuwa kewaye. A kan hannuwan akwai dubban 'yan kwalabe da ido ba ya gani, kowace da zare mai tsini a naɗe ciki, da an taɓa sai ta harba, cikin saurin da ke cikin mafi girma da aka taɓa aunawa a jikin mai rai. Yawancinsu in ka taɓa, ɗan danƙo kawai za ka ji kamar yatsanka ya manne. Amma akwai miyagu. Phyllodiscus semoni na yammacin Fasifik yana kama da dutse mai gansakuka, harbinsa yana ɓata fata, har ya taɓa kai mutane ga ciwon ƙoda. Ni mai kumburin kan hannuwa nake kiwo, Entacmaea quadricolor. Kada ka yarda da wanda ya ce maka animoni ba ya tafiya. Nawa ya taɓa tashi cikin dare ɗaya ya ratsa rabin tanki a kan tafinsa, da safe na tarar da farin tabo a kan duk murjanin da ya goga.

Dafin nan kuwa gida ne ga wasu. Cikin animoni sama da 1,000, kusan 10 ne kawai ke karɓar kifin nan mai ruwan lemo da farin ɗamara, shi kuma iri kusan 30 ne, kuma a teku ba ya rayuwa sai da animoni. Na kalli nawa ranar da ya fara shiga. Ya taɓa hannu ɗaya da wutsiya ya zabura, ya dawo ya goga ciki, ya sake ja da baya, haka ya yi ta yi har yamma, sannan ya nutse ciki ya yi lamo. Yauƙin jikinsa ne ke hana a harbe shi. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne sosai: shi yana korar kifayen da ke cizgar hannuwan animoni, kashinsa taki ne ga gansakukar cikin mai gida, motsinsa da dare yana kawo sabon ruwa mai iska. In zafin teku ya sa animoni ya kori gansakukarsa ya yi fari fat, ɗan haya ma yana shiga uku. A tsibirin Moorea na tekun Fasifik, lokacin zafin 2016, an ga ƙwai masu rai na kifayen da gidajensu suka yi fari sun ragu da kashi 73 cikin 100. Akwai ƙaguwa mai zama cikin kwanson aro da ke ɗora animoni a bayanta don tsoron dabbar nan mai hannu takwas, in za ta sauya kwanso sai ta lallaɓa shi ta ɗauke ta mayar kan sabon. Wata 'yar ƙaguwar, Lybia, riƙe su take yi ɗaya a kowane hannu kamar ɗan dambe, in ɗaya ya ɓace ta tsaga na hannunta gida biyu, kowane ɓari ya warke ya zama cikakke. Wasu dodon koɗin teku marasa kwanso kuma cin animonin suke yi, su adana kwalaben harbin a bayansu su mayar da su makaminsu.

Har mu mutane mun ci moriyarsa. Da dafin animoni masu bincike Charles Richet da Paul Portier suka yi gwaji a kan karnuka a Faransa a 1902, suna neman rigakafi, sai suka ga akasin haka: karen da aka taɓa yi wa allura, ɗan kaɗan aka ƙara masa bayan makonni ya faɗi ya mutu. Ta haka aka gano mummunan borin jini mai kisa nan take, aikin da ya ba Richet kyautar Nobel a 1913. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mai yawan tsoma hannu a tanki yana iya wayar gari harbin da bai dame shi bara ba ya kumbura masa hannu bana. Daga wani animonin tekun Karibiyan kuma, Stichodactyla helianthus, aka samo sinadarin da aka gwada a kan cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita. Suna da tsawon rai ma: wani da masanin halittu Sir John Dalyell ya ɗauko a gaɓar Sikotland a 1828 ya rayu cikin kwalba har 1887, ya binne mai shi da shekaru masu yawa.

A tankina na yanzu akwai Palythoa, a kan dutse guda da na keɓe tsakiyar yashi, tazarar tafin hannu daga kowane dutse, don kada su samu gadar tsallakawa. Safar hannu da tabarau suna rataye a jikin kabad ɗin tankin, kuma ko murfi ba na ɗagawa in da yanka a hannuna. Ka ɗauki hoton naka daga wajen gilashi, ɗaya suna buɗe, ɗaya bayan ka kashe fitila sun tsuke, ka turo mu gani. Ka kuma faɗa mana ko dutsen a ƙasa yake da wasu a kansa, don ciro na ƙasa ba tare da an murje su ba wani aiki ne daban.